Daga Karofi Zuwa Teburin POS: Tashi da Faɗuwar Sana'o'i a Kano

Alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar game da watanni ukun ƙarshe na shekarar 2020 sun nuna cewa kashi 33.3 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu son yin aiki ba su da aikin yi. Da ta fitar da na watanni ukun farko na 2023, sai adadin ya koma kashi 4.1. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ba a buɗe wasu masana'antu da suka haɗiye miliyoyin mutane ba. Mudun awon ne aka sauya: a sabon lissafi, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako domin samun kuɗi, an sa shi cikin masu aiki. Mutane da yawa sun yi wa wannan lissafi dariya, amma ni ina ganin akwai gaskiya mai ɗaci a cikinsa, domin talaka ba shi da halin zama ya naɗe hannu yana jiran takardar ɗaukar aiki. In bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Rahoton nan dai ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna yin sa ne ba a ƙarƙashin wata ma'aikata ko kamfani mai tsari ba. Ashe tambayar da ta dami irina, waɗanda muka baro jami'a a 'yan shekarun nan, ta wuce ta yawan masu aiki. Muna son mu san wace sana'a ce ke tasowa, wacce ke mutuwa, kuma wadda ke tasowar shekara nawa za ta yi tana riƙe da mai ita. Tarihin Kano ya fi alƙaluman shekara ɗaya iya amsa wannan, domin birni ne da ya sha ganin sana'a ta yi tashe har a ɗauka ba za ta gushe ba, sannan a wayi gari masu ita suna neman abin yi.

A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, yana mai cewa sukan ninka a lokacin rani idan ayarori suka shigo. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya ga zannuwa da riguna da rawunan da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna tafiya arewa har Murzuk da Gat da Turabulus, suna tafiya yamma har Tambutu, ya kuma ƙiyasta kuɗin abin da ake samarwa a shekara da wuri miliyan 300. Shi ne kuma ya ce iyali guda na iya rayuwa cikin wadata da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara. In aka raba, kuɗin tufafin nan kaɗai sun isa su ɗauki nauyin gidaje kamar 5,000 ɗungurungum, alhali kuwa mafi yawan masu sana'ar manoma ne da damina, saƙa da rini ƙari ne a kan abin da ke rumbu.

Yana da kyau a tsaya a dubi hannaye nawa riga ɗaya take ratsawa kafin ta hau wuyan Buzu a Azbin. Manomi ya noma auduga, wani ya noma baba. Mata a cikin gida su gurje audugar su raba ta da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa sawaye, maɗinki ya harhaɗa su. Daga nan sai karofi, inda marini ya haɗa baba da toka da katsi, ya yi kwanaki yana motsawa da muciya har ruwan ya nuna, sannan ya yi ta tsomawa yana shanyawa. Mabugi ya karɓa ya zuba shuni ya yi ta dukan tufar a kan gungume har ta yi ƙyalli kamar ƙarfe. Sai dillali, sai fatoma mai saukar baƙi, sai madugu da masu raƙuma da jakuna. Kowane ɗayansu yana da rabonsa, kuma kusan duk kayan aikin daga ƙasar suke fitowa. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shi ya fi suna a yau, amma a ƙarni na goma sha tara ƙarfin sana'ar yana garuruwan karkara irin su Kura, inda ake yin turkuɗin da Buzaye ke ji da shi. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna yadda marinan Kano suka daina dogara da manyan tukwane suka koma haƙa ramuka masu zurfi suna shafe su da laso, abin da ya ba su damar rina kaya masu yawa da sauƙin kuɗi fiye da abokan gasarsu. Wato dai fifikon da suka samu na fasaha ne da araha, irin wanda a yau muke kuka da cewa Sin ta fi mu.

Ba zan wuce wannan zamani ina yabo kawai ba. Wani kaso na audugar da hatsin da suka riƙe wannan arziki bayi ne suka noma su a rinji, kuma sana'a gado ce: ɗan maƙeri maƙeri, ɗan wanzami wanzami, ɗan mahauci ko ya ƙi ko ya so an san gidan da zai nemi aure da gidan da ba zai tunkara ba. Tabbacin abin yi da ake sha'awa a wancan lokaci ya zo ne tare da ƙarancin zaɓi.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, kuma a 1911 layin dogo ya iso, aka fara jigila sosai a 1912. A nan ne aka yi hasashen kasuwar aiki mafi girma da aka taɓa yi wa ƙasar Kano, aka kuma faɗi ƙasa warwas. Masu masaƙun Lankasha, ta hannun ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga da aka kafa a 1902, sun sakankance cewa da zarar jirgi ya iso, manoman Arewa za su cika taragai da auduga. Lissafinsu a takarda ba shi da aibi: ga ƙasa, ga manoma da suka gaji noman auduga, ga hanya. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne masaƙan gida suna sayen audugar da tsada fiye da kwabo ɗaya a kan laba da Turawa suka yanka. Manomi kuwa ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa: ana shuka ta tare da gero da dawa, ba ta gajiyar da ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in kuma kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, abin da ba a yi da auduga. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja, suna da jari da yara a kowane ƙauye, sai suka juya wannan tsari kacokan zuwa sayen gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar, wadda ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, ta haura tan 19,000 a 1913. Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji da ya yi fataucin goro a ƙasar Asante, ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja a 1918, ya kuma rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Jirgin nan ya kashe wasu ya raya wasu a lokaci guda. Ayarin Turabulus, wanda kan shafe watanni a Sahara, ba shi da ta cewa a gaban hanyar da ke kai kaya Ikko cikin kwanaki, don haka madugan hamada suka zama tarihi, Larabawan Dandalin Turawa kuma da yawansu suka koma cinikin fata da gyaɗa. Amma masu jakuna da raƙuma sun sami sabuwar kasuwa ta ɗauko gyaɗa daga ƙauye zuwa tasha, suka ci moriyarta har zuwa lokacin da manyan motoci suka karɓe. Sababbin sunaye suka shigo bakin mutane: ɗan baranda, malamin sikeli, ɗan dako, lebura, direba, karen mota. Dalar gyaɗa guda takan ɗauki buhu kamar 15,000, kuma kowane buhu a kan mutum ya hau. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur kuma ya riga ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Cikin 'yan shekaru filin dala ya zama fili kawai. Daga tashin gyaɗa zuwa faɗuwarta shekara sittin ne da 'yan kai.

A cikin wannan zamani ne aka haifi wani bambanci da har yau yake wahalar da mu, wato bambancin aiki da sana'a. A Hausar kakanninmu noma aiki ne, ƙira aiki ce, jima aiki ce. Amma tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 domin samar da malamai da ma'aikatan En'e, sai kalmar ta fara ƙunƙancewa, har ta koma nufin kujera da tebur da albashin ƙarshen wata. A yau za ka ji uwa tana cewa ɗanta bai sami aiki ba tukuna, yana dai ɗan taɓa ɗinki, alhali ɗinkin ne ke ciyar da gidan har da biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Wannan tunani yana da dalilinsa a tarihi. Daga tsakiyar shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, guraben sun fi masu takarda yawa, har ana bin ɗalibai makaranta ana yi musu tayi. Ƙirƙiro jihohi a 1967 ya ninka ma'aikatu, ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikata a 1975, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci dubban malamai cikin gaggawa. Wanda ya yi boko a wancan lokaci ya ga amfaninsa da idonsa, ya kuma yi wa 'ya'yansa alkawarin irinsa da zuciya ɗaya. Sai dai ƙofar ta fara rufuwa tun korar ma'aikata ta 1984 da tsuke bakin aljihun da ya biyo bayan 1986, jami'o'i kuwa sai ƙaruwa suke yi. Shekara talatin kacal aka yi ana cin wannan gara, amma ta bar mana ma'aunin da muke auna kanmu da shi har yanzu, mu ga mun gaza.

Masaƙun zamani su ne yunƙuri mafi girma da aka yi na mayar wa Arewa da abin da Barth ya gani, a sabuwar siga. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Lankasha suka buɗe masaƙar KTL a Kakuri ta Kaduna. Nortex ta biyo baya, sannan UNTL da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960, ta farko da jarin 'yan Hongkong, ta biyu da na Japanawa. A Kano ma attajiran gida sun shiga, aka sami irin su Bagauda da Gaskiya, unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da kamfanonin tufafi da na fata da na robobi da alewa da man gyaɗa. A ƙarshen shekarun 1970 saƙa ce ta fi kowace masana'anta ɗaukar ma'aikata a Nijeriya. Ƙungiyar ma'aikatanta, wadda aka kafa a 1978 kuma Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta, tana cikin mafiya ƙarfi a ƙasar. Abin lura game da aikin masaƙa shi ne yakan ɗauki mutumin da iliminsa bai wuce firamare ba, ya koya masa aiki, ya ba shi albashi da asibiti da fatan garatuti. Albashin nan kuma ba a aljihunsa yake kwana ba: mai abinci a bakin ƙofa, mai gidan haya, mai kanti, tela, manomin auduga a Funtuwa da Gusau, duk suna da kaso.

Ba cuta ɗaya ce ta kashe su ba. Karyewar darajar naira daga 1986 ta sa kayan gyaran injuna da sinadaran rini, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka yi tsadar da ba a zata ba. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga, ba tare da an tanadi wanda zai ci gaba da kula da ingancin iri ba. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kowace masaƙa ta koma samar wa kanta wuta da tururi da man dizal da baƙin mai, shi ma baƙin man ya yi wuya saboda yawan tsayawar matatar Kaduna. Wasu masu masaƙun sun ƙi sabunta injunansu tun ana samun riba. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da tufafi, da aka maido da shi daga baya kuma sai fasa-ƙwauri ya mai da shi wasan yara. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka mutu ba su karɓa ba.

Akwai abin da ba mu cika son faɗa ba idan ana wannan magana. Kantin Kwari bai mutu tare da masaƙun ba, bunƙasa ma ya yi. 'Yan kasuwarmu ne suka ɗauki samfurin atamfa da shadda suka kai Sin aka buga musu da araha, kayan suka sauka a tashar Kwatano ko Lome, suka hau zuwa Jamhuriyar Nijar, suka gangaro ta Maraɗi. A zamanin Barth tufa daga Kano take fita ta bi ta Damagaram da Agadas ta yi arewa. A zamaninmu ta wannan shiyyar take shigowa. Ban ga laifin ɗan kasuwar da ya bi riba ba, kuma talakan da ya sami atamfar sallar 'ya'yansa da rabin kuɗi shi ma ya amfana. Amma in aka koma ga jerin hannayen nan da riga ke ratsawa, za a ga waɗanda suka rage su ne na ƙarshe-ƙarshe: dillali, mai shago, ɗan dako, direba, tela. Na farkon, masu noma da kaɗi da saƙa da rini, suna wata ƙasa. Kano ta riƙe cinikin tufafi, ta saki yin su.

Sana'o'in da suka cike gurbin sun fi na baya saurin tashi, sun kuma fi su saurin faɗuwa. Acaɓa ya yaɗu daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin haya kuma suka yi ƙaranci, sannan baburan Sin masu araha suka ƙara masa yawa. Ya ɗauki korarren ma'aikacin kamfani da ɗan ci-rani da ɗalibi. A watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, sana'ar shekara ashirin da biyar ta ƙare da sanarwa ɗaya. Babur mai ƙafa uku, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi domin ɗaukar mata har ya ci sunan shirinta na A Daidaita Sahu, shi ya gaje fagen. Da wayar salula ta zo a 2001, layi yana da tsadar da sai mai hali, sai matasa suka kafa lema da tebur a kowace kwana ana biya a yi kira. Ba a yi shekara goma ba kowa ya mallaki tasa, lemomin suka naɗe. Masu sayar da katin waya sun daɗe fiye da su kaɗan, kafin a koma sayen kuɗin kira ta banki. Finafinan Hausa, waɗanda aka saba fara lissafinsu daga Turmin Danya na 1990, sun raya dubban masu kwafar kaset da faifai da masu shagon haya da 'yan tura baro; duk waɗannan sun watse da aka koma tura fim a waya da kallon YouTube, ko da yake su masu shirya fim ɗin sun sami wata hanyar ta shirye-shirye masu dogon zango da tashoshi irin Arewa24.

In aka jera su, tsawon ran sana'o'in nan sai raguwa yake yi: rini ɗaruruwan shekaru, gyaɗa sittin, masaƙa hamsin ba kaɗan, acaɓa ashirin da biyar, lemar kiran waya ƙasa da goma. Mutumin da zai yi shekara arba'in yana neman abinci a yau ba zai ƙare da sana'ar da ya fara da ita ba, sai in ya yi sa'a.

Da wannan idon nake kallon teburin POS, wanda shi ne mafakar da yawa daga cikin abokan karatuna. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilcin banki a 2013, amma sana'ar ta yi tashen gaske ne a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi har mutane suka riƙa sayen naira da naira. Jarinta kaɗan ne, ba ta buƙatar koyo mai tsawo, shi ya sa a layi ɗaya za ka ƙirga tebur biyar suna rabon cinikin da bai isa biyu ba. Kuma abincinta yana fitowa ne daga gazawar wani: rassan banki sun yi kaɗan, na'urorin cirar kuɗi ba kuɗi. Yanzu da mai shayi da mai nama da direban Adaidaita suke karɓar kuɗinsu ta waya, buƙatar tsabar tana raguwa a hankali. A ganina ƙanwar lemar kiran waya ce, kuma hanyar yayarta za ta bi, sai dai a karkara za ta fi daɗewa. Haka nake ganin makomar akawu da mai buga takardu da mai karɓar kuɗi a kantar banki da mai tallar jarida, waɗanda kwamfuta da waya suka riga suka cinye rabin aikinsu.

Waɗanda nake ganin suna da sauran nisan kwana su ne masu aikin da ba a iya ɗauro shi a kwantena daga Sin. Ana iya shigo da faifan sola da batir, amma sai an sami wanda zai hau rufi ya haɗa, ya dawo ya gyara. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya zama kayan gabas, masu wannan aiki ba sa zama. Ana iya shigo da waya, amma gyaranta sai a Farm Centre da Titin Beirut, inda yaran da ba su taɓa shiga ajin injiniya ba suke tayar da wayar da aka fid da rai da ita. Haka aikin gini: Kano tana faɗaɗa ta kowace kusurwa, amma masu manyan gine-gine sukan ɗauko masu sa tayil da gyaran silin daga Togo da Binin, suna cewa sun fi iya gamawa da kyau. Wannan gurbi ne a buɗe, girman kai da ƙarancin wuraren koyo masu inganci ne suka bar shi a buɗe. Sai kuma aikin lafiya, musamman ga mata. Jama'a na ƙaruwa, matan Arewa da yawa sun fi son mace ta duba su, waɗanda suka ƙware kuma Saudiyya da Ingila na janye su. Ungozomar gargajiya da wanzami suna ja da baya, ma'aikaciyar jinya da ta unguwarzoma kuwa ba ta rasa inda za ta, ko da albashin gida bai taka kara ya karya ba.

Matan aure ma sun farfaɗo da wata tsohuwar hanya. Tun da can cinikin cikin gida, na ƙuli-ƙuli da fura da zare da man gyaɗa, babban reshe ne na tattalin arzikin ƙasar Hausa, sai dai ba ya shiga lissafin hukuma, kuma 'yar talla ce ƙafar mai shi. Yanzu WhatsApp da Instagram sun zama farantin talla, ɗan aike a babur ya zama ƙafa, ana sayar da turaren wuta da humra da abinci da ɗinkakkun kaya daga ɗaki zuwa Abuja da Legas. In wannan ya sa yarinya ɗaya ta ajiye faranti ta tafi makaranta, ribar ta fi ta kuɗin.

Harkar abinci ita ce mai girman da za ta iya ɗaukar jama'a da yawa, ita ce kuma ta fi rataya a kan alƙalamin gwamnati. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Audu Baƙo ta mai da Kura da Kadawa ƙasar shinkafa da tumatir, garin turkuɗi ya koma garin casa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya sa injunan gyaran shinkafa suka yawaita a Kano, manya da ƙanana. Da gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150 a 2024 domin sauƙaƙa tsada, sai masu injunan suka fara kukan da masu masaƙa suka yi a 1997. A Dawanau kuwa ana loda riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje kusan yadda aka tsinko su daga gona, aikin da suke samarwa bai wuce na mata masu tsinta da 'yan dako da direbobi ba. Haka fatar akuyar nan ja, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su: ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa, a yi jaka da takalmi da ita a Italiya da Sifen, dukawanmu kuma suna fama da takalman roba a kasuwa. Tsarin dalar gyaɗa ne bai sauya ba, buhun ne kawai ya sauya abin da ke cikinsa.

Ban yarda da masu cewa digiri ya zama banza ba. Wanda ya iya karatu da lissafi da rubuta wasiƙar ciniki ya fi saurin tsallakawa daga sana'ar da ke nutsewa zuwa wata, kuma a zamanin da sana'a ba ta shekara ashirin wannan ba ƙaramin jari ba ne. Amma makarantar da ta fi kowace yaye masu abin yi a Kano har gobe ita ce ta yaron shago da ubangidansa a Kwari da Singa da Kurmi da Ƙofar Ruwa, inda yaro kan yi shekaru yana hidima kafin a sallame shi da jari ko a buɗe masa reshe. Wannan tsari, wanda ya juya daga goro zuwa gyaɗa a 1912 ba tare da wani ya ba shi umarni ba, ba shi da takardar shaida, ba shi da yarjejeniya a rubuce, yaron da aka zalunta ba shi da inda zai kai ƙara sai wurin dattawan kasuwa. Jami'o'inmu kuma suna koyar da darasin dogaro da kai a allo, ba su taɓa zama da waɗannan iyayen gida ba.

Manyan ayyuka biyu ne ake ɗora wa buri yanzu. Ɗaya shi ne bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ɗayan kuma layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ga kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023. Gas ɗin, in ya iso da farashin da masana'anta za ta iya biya, zai taɓa ainihin ciwon da ya kwantar da Bompai da Sharaɗa, ko da yake masaƙar zamani mai injuna masu sarrafa kansu ba za ta ɗauki rabin mutanen da ta 1980 ta ɗauka ba. Jirgin kuwa tarago ba ya zaɓar kaya. Zai iya ɗaukar takalmi da yadi da shinkafar Kano zuwa kasuwannin Nijar, zai kuma iya sauƙaƙa wa kwantenar da ke sauka a Maraɗi isowa Kwari cikin sa'o'i. In jirgin ya riga gas ɗin isowa, 'yan dako da masu sito da dillalai ne za su fara samun aiki, kamar yadda aka yi a 1912.